Ƙananan garuruwa ne suka fi manya saurin faɗaɗa, ko hoton ne ke yaudara ta?

Ummi Ɗaliba:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin taswira da masu lissafi ku zo ku cece ni, wani abu ne ya tsaya min a rai yau sati biyu kenan. Digiri na biyu nake yi, kuma aikina a kan alaƙar girman gari ne da saurin faɗaɗarsa, wato shin in gari ya riga ya girma ƙara gudu yake wajen cin ƙasa, ko kuwa ƙananan ne ke gudu manyan suna jan ƙafa. Na ɗauki hotunan tauraron ɗan adam na Landsat na 1990 da na 2020 ta Google Earth Engine, wato manhajar sarrafa irin waɗannan hotuna, na ware gini daban, ciyayi daban, ruwa daban, fili daban, sannan na bi kowane gari na zana iyakarsa a inda gini ya ƙare na fidda faɗinsa da murabba'in kilomita. Garuruwa sittin da 'yan kai ne, manya da matsakaita da ƙanana.

Da na sa su a giraf, girman gari na 1990 a kwance, kason da ya ƙaru a tsaye, sai ga layi ya gangaro ƙasa ɓaro-ɓaro, ƙananan suna can sama wasu sun ninka uku wasu huɗu, manyan kuma duk sun taru a ƙasa waje guda. Wallahi har na fara murna na ce shikenan na samu abin rubutawa a babi na huɗu. Na kai wa sufabaiza ya kalla bai fi minti ɗaya ba ya ce min je ki sake dubawa, ki tabbata garuruwan ne ke magana ba hoton ba, daga nan ya shiga mitin bai ƙara cewa komai ba, kuma kun san ba kullum ake samunsu ba.

To ni yanzu ban san me zan duba ba. Gaskiya ne ƙananan sun fi gudu ko akwai inda na yi kuskure? Kuma da kaso cikin ɗari ya kamata in auna ko da kilomitan da aka ƙara? Wata ƙawata ma cewa ta yi in watsar da Landsat ɗin in koma hoton hasken fitilun dare da tauraro ke ɗauka wai ya fi sauƙi. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Lissafi:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sufabaizanki ya san abin da yake faɗa, kawai dai bai da lokacin bayani ne.

Fara da maganar kaso da kilomita don ita ce mai sauƙi. Misali gari mai murabba'in kilomita 4 ya koma 6, ya ƙaru da kashi 50 kenan. Wani mai 800 ya koma 900, kashi 12.5 kawai, amma ƙasar da ya lashe ta ninka ta ƙaramin sau hamsin. To wa ya fi girma da sauri? Duka biyun amsa ce, ya danganta da wa ke tambaya, mai lissafin gonakin da aka rasa kilomita yake so, mai neman sanin ko girma na jawo girma kaso yake so. Ke naki na biyun ne, amma ki mayar da shi na shekara-shekara, ki ɗauki logarizim na sabon faɗi a kan tsohon faɗi ki raba da 30, kuma layin kwancen ma ki sa shi a logarizim in ba haka ba manyan biyu ko uku za su ja giraf ɗin gefe guda sauran su cunkushe a lungu.

Sannan ki sani tambayar nan taki tsohuwa ce sosai. Wani Bafaranshe Robert Gibrat tun 1931 ya kawo cewa kason da abu ke ƙaruwa da shi ba ruwansa da girmansa na farko, shi a kan kamfanoni ya yi maganar daga baya aka ɗora ta a kan birane. Sai kuma ƙa'idar Zipf ta 1949, wadda wani Bajamushe Felix Auerbach ya riga ya lura da ita tun 1913, cewa in ka jera biranen ƙasa daga babba zuwa ƙarami, na biyu kusan rabin na farko yake, na uku kusan sulusinsa, haka dai har ƙasa. A 1999 Xavier Gabaix ya nuna yadda ta farkon ke haifar da ta biyun, wato in duk birane suna girma da kaso iri ɗaya a matsakaici, tare da sa'a da rashin sa'a na kowane gari, in an daɗe jerin Zipf ne zai fito. To kin ga in kika ce ƙananan sun fi gudu kina cewa ne Gibrat bai yi daidai ba a yankinki, kuma ba laifi ba ne, mutane da yawa sun samu inda bai yi daidai ba, amma sai kin zo da hujja mai ƙwari. Kuma ki lura su a kan yawan mutane suka yi magana, ke faɗin gini kike aunawa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kowane ɗigo na Landsat mita 30 ne sau mita 30. A bakin gari ɗigon nan rabinsa gida rabinsa gona, kwamfuta dole ta zaɓi ɗaya. Ɗauki gari mai siffar da'ira da daga tsakiyarsa zuwa bakinsa kilomita 1 ne, faɗinsa wajen 3.1, kewayensa wajen kilomita 6.3, in kika kuskure da ɗigo ɗaya tak a duk kewayen kin ƙara ko kin rage wajen 0.19, kashi 6 kenan. Yi irin wannan kuskuren a gari mai kilomita 15 daga tsakiya zuwa baki, faɗinsa wajen 707, kuskuren wajen 2.8, ko rabin kashi ɗaya bai kai ba. Shi ya sa ƙananan suka watsu a giraf ɗinki manyan suka taru. Kuma gari na gaske ba da'ira ba ne, ƙaramin gari yawanci bin titi yake yana miƙewa kamar igiya, kusan gaba ɗayansa baki ne.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne kin yi amfani da awon 1990 sau biyu, shi ne ya ce gari ƙarami ne kuma shi ne kika raba da shi. Duk garin da hoton 1990 ya rage masa faɗi bisa kuskure, ya faɗa cikin ƙanana kuma lokaci guda ya fito da kaso mai yawa. Wanda aka ƙara masa ya matsa wajen manya ya fito da kaso kaɗan. Ko da a ce duk garuruwan gudu ɗaya suke yi, kuskuren awo kaɗai ya isa ya karkatar miki da layin ƙasa. Gwada wannan, ki samo girman daga wani hoton daban, misali na 1986 ko 1987, ki bar kason yadda yake daga 1990 zuwa 2020, ki ga ko gangaren ya ragu.

Malam Mai Taswira:

'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Abin da ɗan'uwa ya faɗa a sama duk haka yake, ni ta ɓangaren hoton zan shigo miki don nan na fi daɗewa.

Na farko, hotonki na 1990 kusan tabbas na Landsat 5 ne, wanda aka harba a 1984, na 2020 kuma na Landsat 8 ne da aka harba a 2013. Idanunsu ba ɗaya ba ne, kuma lambobin zangon haskensu sun goce da ɗaya. A Landsat 5 ja shi ne lamba 3, mai bi masa da ciyayi ke haskawa a ciki lamba 4, a Landsat 8 ja ya koma 4 wancan ya koma 5. Na sha ganin ɗalibi ya kwafi lambobin hoto ɗaya ya liƙa wa ɗayan, kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, taswira za ta fito da launi mai kyau, amma shirme ce. Ki koma ki duba wannan kafin komai, minti biyar ne. Idan kuma kina tunanin ƙara wata shekara a tsakiya ki yi hattara da Landsat 7, tun ƙarshen Mayun 2003 wata na'ura ta lalace a jikinsa, hotunan da ya ɗauka daga lokacin suna da zane-zanen baƙi, wajen kashi 22 na kowane hoto babu shi.

Na biyu, wane wata aka ɗauki kowanne? Wannan shi ne ya taɓa kunyata ni. Shekarun baya ina wani aiki na ware gine-ginen wani ɗan gari, sai na ga ya fito da wani dogon hannu ta kudu maso gabas, fari tas, kusan rabin garin. Na ce ikon Allah, sabuwar unguwa. Har na sa a rahoto. Ranar da muka je da mota muka tsaya a wurin, busasshen rafi ne, yashi ne zalla da wani ramin da ake ɗibar tsakuwa, ko bukka babu. Hoton farko na lokacin damina ne rafin na da ruwa gefensa kore, na biyun na tsakiyar rani. Tun daga ranar ban ƙara yarda da taswirar da ban taka ko na leƙa wurin da hoto mai kaifi ba. Busasshiyar ƙasa da siminti da rufin da ƙura ta hau kama suke wa tauraron ɗan adam, musamman a wuraren da ba ruwa sosai. Akasin haka ma na faruwa, tsohon gari mai gine-ginen ƙasa da bishiyoyi da yawa sai ya ɓace a hoton 1990 a ɗauka fili ne, in aka zo 2020 an yi rufin kwano yana ƙyalli sai ya bayyana, ki ce gari ya ninka alhali gidajen nan suna nan tun da, rufi kawai aka sauya. Kuma wa wannan ya fi shafa? Ƙananan garuruwa. Don haka kar ki dogara da hoto ɗaya, tauraron na dawowa wuri duk kwana 16, ki tara na shekara guda ko biyu ki ɗauki na tsakiyarsu, kuma watanni iri ɗaya a duka ɓangarorin.

Na uku, kuma wannan ba kuskuren na'ura ba ne, ina gari ya ƙare? Kin ce kin zana iyaka inda gini ya ƙare. To idan babban birni ya miƙe ya haɗiye ƙauyuka goma da wani matsakaicin gari da ke gefensa fa? A 1990 su goma sha biyu ne, a 2020 abu ɗaya ne. In kika ba babban duka faɗin kin ƙara masa ginin da ba sabo ba ne, in kuma kika cire waɗanda aka haɗiye daga jerinki kin zubar da ƙananan da wataƙila suka fi kowa gudu. Dubi bakin Kogin Lu'ulu'u a kudancin Sin, Guangzhou da Shenzhen da Dongguan da Foshan, da can kowa da gonakinsa a tsakani, yanzu daga sama sai ki rantse gari ɗaya ne, har Bankin Duniya a rahotonsa na 2015 ya ce yankin ya wuce Tokiyo ya zama mafi girman dunƙulen birni a duniya. Idan kuma kika ce bari in bi iyakar hukuma, an gudu ba a tsira ba, birnin Faris a takarda murabba'in kilomita 105 ne kawai da mutum miliyan biyu da ɗoriya alhali ginin ya wuce nan nesa ba kusa ba, Chongqing kuma a takarda faɗinta ya kusa na ƙasar Ostiriya, yawancinsa duwatsu da gonaki. Abin da nake ba ɗalibaina shawara shi ne su ɗauki iyakar shekarar ƙarshe su kafa ta, sai su ƙirga ginin da ke cikin wannan iyakar a duka shekarun biyu, har da na ƙauyukan da aka haɗiye. Sannan su sake yi da iyakar shekarar farko da aka ƙara mata 'yan kilomita. In amsar ta tsaya a duka biyun to akwai magana.

Kuma ba dole sai kin yi komai da hannunki ba. Cibiyar binciken Tarayyar Turai tana da wata taswira mai suna GHSL mai nuna gini tun daga 1975, hukumar sararin samaniyar Jamus tana da taswirar matsugunai ta shekara-shekara daga 1985 zuwa 2015 a kan mita 30. Kyauta ne. Su ma suna kuskure, amma in taki da tasu suka saɓa a wani gari kin san inda za ki zuba ido. Ku yaran yanzu kun ji daɗi, kafin 2008 sayen hoton Landsat ake yi ɗaya-ɗaya, in gajimare ya rufe garinka ka yi asara.

Baban Hanif:

Ni dai ra'ayina ɗaya da ƙawarki, duk wannan wahalar ta mece ce, yashi ne rafi ne rufin kwano ne. Hoton dare ba ruwansa da wannan, inda mutane suke akwai wuta inda babu duhu ne, yashi baya kunna fitila lol. Kuma masana tattalin arziki ma da shi suke auna arzikin yanki. Ki sauke kawai ki sa iyaka a kan haske ki huta. Malam a gafarce ni in na yi katsalandan.

Malam Mai Taswira:

Baban Hanif ba katsalandan ba ne, yashi kam ba ya kunna fitila, ka yi gaskiya. Amma ga tambayarta musamman, hasken dare ya fi Landsat son kai. Tsohon jerin hotunan dare na taurarin DMSP daga 1992 ya fara zuwa 2013, kuma awonsa daga 0 zuwa 63 ne kawai. Tsakiyar babban birni tun farko yana kan 63, ko an ninka gine-ginensa da fitilunsa 63 ɗin zai nuna, ya cika ya tumbatsa. Kenan na'urar da kanta ta hana manya nuna ƙaruwa a tsakiyarsu, ƙananan kuma suna da sararin hawa daga 10 zuwa 30. Ka ga layin nata zai ƙara gangarowa ba don komai ba sai don ma'aunin. Ga kuma yaɗuwar haske, birnin bakin teku sai ka ga ya haska cikin ruwa kilomitoci, wa ya gina gida a can? Sabon jerin na na'urar VIIRS da ya fara bayan an harba tauraronsa a ƙarshen 2011 ya fi kaifi nesa kuma ba ya cika irin haka, amma bai kai baya zuwa 1990 ba, haɗa shi da tsohon kuma aiki ne mai zaman kansa. Sannan ba ya ganin shuɗin haske sosai, garin da ya sauya fitilun titi zuwa farin LED sai ya yi kamar ya rage haske. Wutar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai kuma ta fi wasu birane haske. Uwa uba garin da aka kai wa lantarki a tsakanin shekarun sai ya fito kwatsam kamar daga sama aka jefo shi. In tana so ta sa shi a matsayin shaida ta biyu ba laifi, amma ba shi kaɗai ba.

Maman Ihsan:

Ƙanwata ni ba gwanar hoto ba ce, aikin tsara birane nake, mu ne masu karɓar irin taswirarku mu yi aiki da ita, don haka bari in faɗa miki abin da ke ba mu haushi. Sai a kawo mana takarda an rubuta gari kaza ya girma da kashi kaza, mu tambaya mutane ne ko ƙasa, sai a yi shiru. Tauraro rufi yake gani ba kai yake ƙirgawa ba. Akwai kwatancen da kusan duk ajin tsara birane ake nunawa, Atlanta ta Amurka da Barsalona ta Sifaniya a wajajen 1990, yawan mutanensu kusan ɗaya amma ƙasar da Atlanta ta shimfiɗa a kai ta ninka ta Barsalona fiye da sau ashirin. Detroit kuma tana da mutum wajen miliyan 1.8 a 1950, a ƙidayar 2020 ba ta kai dubu 650 ba, amma tituna da filayen siminti suna nan, daga sama ba za ki ga mutum miliyan ɗaya da suka tafi ba.

Wannan ya shafi giraf ɗinki kai tsaye, don babban birni in ƙasa ta yi tsada sama yake yi. A rushe gida mai hawa ɗaya a dasa bene mai hawa goma sha biyu, a wajen Landsat ɗigon nan gini ne jiya gini ne yau, ƙaruwa sifili, alhali mutanen da ke kwana a wurin sun ninka sau nawa. Ƙaramin gari kuwa fili na da araha, kowa gefe yake yi. To ko da layinki gaskiya ne abin da yake cewa shi ne ƙananan sun fi saurin cin ƙasa, bai ce sun fi saurin tara jama'a ba, ki kula da kalmar da za ki sa a take don ranar kare aiki a nan za su kama ki. Shi ya sa ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya na muradun ci gaba, mai lamba 11.3.1, haɗa biyun ya yi, saurin cin ƙasa a kan saurin ƙaruwar jama'a, in ya haura ɗaya gari na baje kansa fiye da yadda mutanensa ke ƙaruwa. Binciken da Shlomo Angel ya jagoranta a Jami'ar New York kan birane 200 daga sassan duniya abin da ya gano kenan a mafi yawansu, faɗi na gudu fiye da jama'a, cunkoso na raguwa a matsakaici, abin da in kika faɗa wa wanda ke cikin go-sulo ba zai yarda ba.

In za ki ƙara yawan jama'a ki nemo daga ƙidaya kai tsaye. Taswirorin jama'a da ake saukewa kyauta yawancinsu adadin ƙidaya ne aka rarraba bisa inda tauraro ya ga gini, in kika kwatanta su da naki ginin kina kwatanta hoto ne da inuwarsa, dole su yi kama.

Amma kar duk wannan ya sa ki karaya, ni na ji daɗi ma da wani ya kalli ƙananan garuruwa, kowa hankalinsa na kan manyan masu miliyan goma, alhali a ƙiyasin Majalisar na 2018 kusan rabin mazauna birane na duniya suna garuruwan da ba su kai mutum dubu 500 ba, kuma su ne ba su da ma'aikata ba su da taswira. Tambaya ɗaya dai nake da ita da ban ga kowa ya yi miki ba, garuruwan nan sittin, ta yaya kika zaɓe su?

Ummi Ɗaliba:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi, kwana uku ina kan abin nan ko barcin kirki ban yi ba. Malam lambobin zangon daidai suke alhamdulillah, amma maganar wata ka kama ni, na 1990 ɗin ƙarshen damina ne na 2020 tsakiyar rani, don su ne na samu ba gajimare ban ma yi tunanin komai ba. Na sake yi da tarin hotuna na watanni iri ɗaya, garuruwa da yawa sun motse, akwai guda ɗaya da abin da na ɗauka sabuwar unguwa ce ashe filin jirgi ne da ba a gama ba an share ƙasa an bari. Na kuma gwada dabarar Ɗan Lissafi ta ɗauko girman daga wani hoton, gangaren ya ragu sosai amma bai tafi duka ba, har na fara cewa to ragowar nan ita ce gaskiyar.

Sai na zo kan tambayar Anti Maman Ihsan na yi tsit. Anti jerin garuruwan daga taswirar yanzu na ɗauko, na ce duk wanda gininsa ya kai murabba'in kilomita 10 a 2020 ya shiga. Da na zauna na yi tunani sai gabana ya faɗi, don garin da yake da 2 a 1990 ba yadda za a yi ya shigo jerina sai in ya ninka biyar, wanda yake da 2 ya tsaya a 3 ko 4 ban ma san da shi ba balle in auna shi, shi kuwa babba ko bai motsa ba yana ciki. Wato da hannuna na tsince ƙananan da suka yi gudu na zubar da sauran sannan na zo ina mamaki wai ƙanana na gudu. Haka ne ko na sake ruɗewa? Kuma in haka ne sai na sake komai daga farko kenan?

Ɗan Lissafi:

Haka ne daram, ba ki ruɗe ba, kuma ina jin kunya da ban tambaya ba tun farko, Anti ta fi mu gani. Kamar mutum ya kalli Shenzhen ne, wadda ba wani babban birni ba ce sanda aka mayar da ita yankin tattalin arziki na musamman a 1980, a ƙidayar 2020 ta haura miliyan 17, sai ya ce ai ƙananan garuruwa haka suke yi, ya manta dubban da suke daidai da ita a lokacin da har yau ba wanda ya san sunansu.

Ba daga farko za ki sake ba, taswirar 1990 tana hannunki ai. Ki sa sharaɗin a kanta, duk dunƙulen ginin da ya kai misali murabba'in kilomita 1 a 1990 ya shiga, ko ya girma ko ya tsaya ko an haɗiye shi, ki bi su gaba zuwa 2020. Za su yi yawa, wataƙila ɗaruruwa, in sun fi ƙarfinki ki raba su aji-aji bisa girma ki sa kwamfuta ta zaɓo miki daga kowane aji da ka, kar ki zaɓa da ido don ido sunan da ya sani yake bi. Tsohon giraf ɗin ma kar ki goge, ki ajiye shi gefe da sabon a babi na huɗu.

Malam Mai Taswira:

Kilomita 1 ɗigo dubu ɗaya da ɗari da 'yan kai ne kawai a Landsat, ya yi ƙasa da yawa ga hoton 1990, ramukan tsakuwa da busassun tafkuna za su cika miki jeri. Ni da 2 ko 3 zan fara, kuma kowanne ki leƙa shi da ido kafin ki yarda gari ne. Ki gwada da sharaɗi biyu ki ga ko layin ya sauya. In kin gama ki turo mana giraf ɗin mu gani 'yata, ni kaina yanzu ina son in san ta ina zai karkata.